Kawu Illa da Karyar Habbanaye

Duk wanda ya san Kawu Illa ya san kunnuwansa biyu ba aikinsu ɗaya ba. In ka zo masa da gaisuwa ko zancen gari, kunnen hagu yake juyo maka. In kuwa zancen ciwo ne, na mutum ko na dabba, sai ya ɗaga hannu ya tsai da kai, ya gyara zama, ya miƙo na dama, ya ce, "To, hwaɗi yanzu. Wanga kunnen lokotoro na." Dalilinsa, shekara talatin ya yi yana tuƙa motar likitocin dabbobi cikin dajin Adar, kuma su likitocin a damansa suke zama. Wai duk abin da suka karanto ta nan ya zube masa cikin kai, kyauta. Na hagu kuwa iska kawai ya sha ta taga, shi ya sa yake ba mu shi, mu 'yan gida.

Ni ce Rabi, ɗiyar ƙanwarsa, ga waɗanda suka manta. Tun da matarsa ta rasu na kwaso keken ɗinkina na dawo gidansa a nan Tawa don in riƙa dafa masa, kuma shekara shida na yi ina magana da kunnen hagu. Ku da kuke zuwa ran Juma'a ku gaishe shi, ku sha shayi ku tafi, dariya kuka kwasa. Ni gajiya na kwasa. Kun ce in ba ku labarinsa, to na mota dai kun ji shi sau ɗari daga bakinsa. Na karyar zan ba ku, don ni na sha wahalarta.

Kawu yana da amini Buzu, Gumar, makiyayi a dajin Tebaram. Sun san juna tun ranar da motar rigakafi ta kafe cikin rairayi kusa da zangonsu, Gumar ya zo da raƙumi ya ja ta. Wata Lahadi, ranar kasuwa, sai ga Gumar a zaurenmu da jakar fata tana motsi. Ya zazzage ta, kwikwiya ta faɗo, ja, duk ƙafafu, ciki a ɗame. Irin karnukan farautar nan ne na Buzaye da suke kira oska, waɗanda gidan su Gumar suke riƙe da su tun kakanni.

"Ba a saida irinta," in ji Gumar. "Kuma ba kyauta na ba ka ba. Habbanaye ta."

Na ce, "Habbanaye? Da karya?"

Kun san habbanaye, yadda Fulani ke yi da saniya ko akuya: a ba ka uwa ka riƙe, in ta haihu ta yaye, 'ya'ya naka ne, uwa ta koma wurin mai ita. Duk faɗin Adar ban taɓa jin wanda ya yi shi da kare ba sai tsofaffin nan biyu. Haihuwa guda suka yanke, har da shafa fatiha. Kawu ya kaɗa hannu ya ce, "Ko gobe taz zuba ɗiya, zo ka ɗauki abinka. Ni mi za ni yi da karya? Gadi kawai nika so."

Haka ya ce. Kafin wata uku ya raɗa mata suna Buji, sunan ɗan ƙarfen nan da ke ba injin mota wuta, wai don ita ma da an taɓa ta take tashi. Ɗaki dai ba ta shiga, kwanonta daban, kuma in ta lashe shi sai ya wanke yadda malamai suka ce. Amma daga hantsi har la'asar suna gindin dogon yaro, shi bisa kujerarsa, ita kwance gabansa, yana ba ta labarin hanyoyin da ya bi. Ita kaɗai ce a gidan nan ba ta taɓa ce masa "ka taɓa faɗa mana" ba. Mutumin da tun rasuwar matarsa sai na yi da gaske yake cin loma biyar, sai ga shi yana neman ƙari, wai kada Buji ta ga yana raga tuwo ta koyi mugun hali.

Tana da kamar wata goma, da kaka, wata safiya ina shara na ga ɗigon jini a tsakar gida, nan guda, can guda. Na kira Kawu. Ya tsuguna, ya dangwala da tsinke, ya ce, "Ƙaya ta. Ƙaya tat taka." Ya fito da akwatin aikinsa, wanda babu komai ciki sai sirinji marar allura da kwalbar shuɗin maganin miki da ta girmi 'ya'yana. Ya duba ƙafar farko bai ga ƙaya ba, ya shafe ta da shuɗi. Ta biyu ma haka. Kafin in gama shara karya ta zama mai safa huɗu, jini kuma bai fasa ɗiga ba.

Sai maƙwabciyarmu Madan Rahila ta leƙo ta katanga. Kirista ce 'yar Maradi, ta koyar a lakkwal, wato makarantar boko, har ta aje aiki, kuma gidanta ba a rasa kare.

"Malam Illa, mi kaka yi ma baiwar Allah?"

"Aikin lokotoro, Madan. Ba na lakkwal ba na."

Ta dubi Buji ta baya, ta ga wurin ya kumbura, ta riƙe katanga tana dariya har da hawaye. "Ba ciwo gare ta ba, girma ta yi! Lokacinta na hwarko ya zo, namiji za ta biɗa."

Kawu ya rufe kwalba a hankali ya ce, "Na sani. Gwada ku nika yi."

"To shuɗin ƙahwahu hwa?"

"Wannan rigakahi na."

Madan ta zagayo ta yi mana karatu. Abin zai ɗauki kamar mako uku. A na farko ita da kanta za ta kori maza. A na biyu jinin zai dishe, kuma nan ne hatsarin, don ita za ta nemi hanyar fita, kowane kare daga nan har tasha kuma ya samu labari. In aka bari, ciki wata biyu ne. Sai na ga Kawu yana lanƙwasa yatsu, biyu na ciki, biyu na nono. "Wata huɗu ke nan ta koma Tebaram," ya faɗa, ba da kowa yake ba. Ranar bai ci tuwo ba. Da la'asar ya kira ni ya ce, "Rabi, karyag ga ba ta ganin namiji. Kuma ba a hwaɗa ma Gumar." Na ce, "Kawu, kun yi hwatiha hwa." Ya juyo mini kunnen hagu.

Washegari ya ce in ɗinka mata wando. Na rantse ba zan yi ba. Ya ce to shi zai hau keken, kuma na san in ya hau sai ya kwance shi ya ga yadda cikinsa yake, don haka na yarda. Yadi kuwa ba za a taɓa sabo ba, ai kun san Kawu, mutumin da ke dafa ganyen shayi guda har ya koma fari. Ya jawo tsohon tampol na mota daga bayan ɗaki. Da tef ɗina na awo ya auna ƙugunta, tef ɗin da ban ƙara ɗora shi jikin ɗan Adam ba. Na ɗinka, na bar ƙofar wutsiya. Da aka sa mata sai ta sandare a tsakar gida, ta yi taku uku da baya, ta zauna ta fara ci. Kafin azahar babu abin da ya rage sai zariya.

"Tampol ya yi nauyi," in ji shi. "A yi da buhun albasa, iska na ratsa shi."

Madan ta ce daga bayan katanga, "Malam, abin da iska ka ratsawa, kana jin shi ka tsai da kare?"

"Madan, ki tsaya ga alli."

Ina cikin ɗinka na albasar wata Hajiya ta shigo duba ɗinkinta. Ta ga abin da ke ƙarƙashin allura, ta tambayi na wane jariri ne. Kawu, maimakon ya yi shiru, ya zaunar da ita ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta naɗe atamfarta da ko yankawa ban yi ba ta fita, kuma kafin magariba duk matan unguwa sun ji Rabi ta koma telan karnuka. Har yau akwai masu ce mini haka a gidan suna.

A mako na biyu aka yi mana zobe. Ban san Tawa tana da karnuka haka ba. Na mahauta mai ƙiba shi ke fara zuwa, ga gurgu, ga mai ido guda, ga wani baƙi da ko haushi ba ya yi, zama kawai yake ya zuba wa ƙofarmu ido kamar mai jiran layi a famfo. Buji muka kulle ta a tsohon ɗakin girki, tana kuka tana tonon gindin ƙyaure. Kawu ya hana a jefe su. "Ba laihinsu ba na, kiransu anka yi." Makaminsa bokiti ne da gwangwani, kuma ba ruwa mai kyau ba, na wanke-wankena da ya sa in riƙa tara masa. Ya tare a zaure bayan ƙofa, da ya ji motsi sai ya sheƙa. Nan yake salla, kuma in ya tada kabbara ni ke karɓar aiki. Ni Rabi, mai jikoki biyu, zaune bakin zaure da gwangwani ina gadin mutuncin karya!

Kwana huɗu ba a gan shi a jam'i ba, sai Liman ya biyo ya ga ko lafiya. Kawu ya ji motsi bakin ƙofa, bai tsaya dubawa ba, ya sheƙa. Ruwan wankin tukunyar miyar kuka, a farar riga, ana saura kaɗan a kira azahar.

"Illa! Ni na!"

"Subhanallahi! Liman, ka yi haƙuri. Ba ka yi sallama ba, su ma ba su yi."

Liman ya tsaya yana ɗiga ya ce, "Yanzu don karya kab bar jam'i?" Kawu ya sunkuyar da kai, don ya san ba shi da gaskiya. Ya ce, "Kwana goma sunka rage, Liman. In na bar ƙohwag ga, ba ni da kowa gindin itace." Liman ya matse gefen rigarsa, ya ce daga yau in an kira salla ya bar wa Rabi gwangwanin ya taho masallaci. Wato har hukuncin Liman a kaina ya ƙare.

Ba wanda ya gaya wa Gumar. Makiyayi ne, watanni ya ƙirga. Ran Lahadi sai ga shi ya ratso taron karnukan nan da sandarsa, yana jan wani tsohon kare da igiya. Oska ne shi ma, dogo, amma haƙarƙari duk a waje, baki ya yi furfura, yana tafe yana tari. Sunansa na Buzanci ya fi ƙarfin bakina, ni Tsoho nake ce masa. Muka kai shi gidan Madan aka ɗaure, aka ɗora shayi.

Sai a kofi na biyu Gumar ya faɗi abin da ya kawo shi. Ciwo ya shiga karnukansa da damina. Uwar Buji ta mutu, 'yan'uwanta sun mutu, ba wanda ya tsira sai Tsoho, wanda ba jininsu ɗaya ba, daga wani zango aka ba shi tun yana ƙarami. Hanyar arewa, inda ake samun irinsu, ba ta biyuwa yanzu. Wato irin da ubansa da kakansa suka riƙe ya dawo kan Buji da wannan mai tarin.

"Shi ba ya kai wani lokacin nata," in ji Gumar. "In ba yanzu ba, shi ke nan."

Kawu ya gyara zama ya ce, "Ta yi ƙanƙanta. Ƙashinta bai yi ƙwari ba. Ni lokotoro nika hwaɗa maka."

Gumar ya kurɓi shayi. "Lokotoro ka magana, ko mai son karya?"

Ban taɓa ganin Kawu ya ji kunya irin ta ranar ba, kuma shi in ya ji kunya faɗa yake yi. Ya tashi, ya zauna, ya ce shekara arba'in suna tare yau za a ce masa maci amana. Gumar bai ƙara ba, bai kuma janye ba. Daga ƙarshe ni na ce tun da akwai masu takarda a gari, a je a tambaye su mana, ko na samu in huta.

Ran Litinin muka ɗunguma gidan likitan dabbobi, inda Kawu bai ƙara takawa ba tun da ya aje aiki, wai yaran yanzu ba su san daji ba. Ni ke riƙe da igiyar Buji, Gumar can baya da Tsoho, karnukan unguwa suna biye da mu a jere, mutane suna fitowa daga shaguna suna kallo. Wata yarinya muka tarar da farar riga, sa'ar ɗiyata. Ta duba Buji, ta ga shuɗin ƙafafu ba ta ce komai ba, Allah Ya yi mata albarka. Ta ce Baba, wato Kawu, ya yi gaskiya. Karya ba ta gama girma ba, in ta ɗauki ciki yanzu haihuwar tana iya ba ta wuya, ko ta ƙi 'ya'yan. A bari sai lokaci na gaba, nan da wata bakwai ko takwas.

"Kun ji! Rabi, kin ji? Gumar, ka ji? Yarinya, wa yak koya miki aiki? Ya iya!" Saura kaɗan Kawu ya taka rawa.

Sai ta juya kan Tsoho. Ta buɗe bakinsa, ta taɓa cikinsa, ta saurari ƙirjinsa. Ta ce tsutsa gare shi da yunwa, haƙoransa sun ƙare, ba ya iya tauna abin da ake ba shi a daji. In ya koma can ya shiga rani, ba zai ga damina ba. In kuwa ya samu inuwa da magani da abinci mai laushi, yana iya kaiwa. Ina Gumar zai samu waɗannan, mutumin da ke bin awaki daga rijiya zuwa rijiya? Ya yi godiya, ya naɗe igiya a hannu, ya ce zai kama motar la'asar.

Muka kulle Buji a gida, muka raka shi tasha. Kawu ya ci nasara da shaidar likita, ba mai zarginsa. Tsoho zai mutu a daji, Buji ta zauna gindin dogon yaro har abin da Allah Ya yi. Na ɗauka zan ga haƙoransa a waje, amma tun daga gidan likita bai ƙara magana ba. Gumar ya sunkuya ya ɗauki Tsoho zai miƙa shi bayan mota, ƙafafun kare suna reto. Sai Kawu ya ce, "Sauko da shi."

"Mi?"

"Sauko da shi nic ce! In yam mutu hannunka, cewa za a yi Illa ya ci amana da takardar lokotoro. Bar shi nan, ni ka riƙon shi." Ya juyo wurina. "Rabi, a ƙara hatsi ga tukunya."

Wallahi a tsakiyar tashar nan na ji kamar in zauna ƙasa in yi kuka. Na fito neman rabuwa da wahalar kare guda, na koma gida da biyu.

Tsoho ya zauna gidan Madan har lokacin Buji ya wuce, karnukan unguwa suka watse, sannan ya dawo wurinmu. Wata takwas Kawu yana jinyarsa. Kowace safiya yana wurin mahauta neman ƙashi da tarkacen nama, ya dawo ya tafasa, ya daka a wani fasasshen turmi, ya kwaɓa da nono. Maganin tsutsa da yarinyar ta rubuta, da ƙafarsa ya je ya karɓo, bai ko ce ya fi ta sani ba. In na sa masa tsoka biyu a miya, guda takan ɓace, kuma na san inda take zuwa. Amma bai taɓa ba shi abincin nan da daɗin rai ba. Yana tura masa kwano yana zaginsa: "Ci, ɗan banza. Ci ka yi ƙarhi. Kai za ka raba ni da ita, ci." Tsoho ya ci, ya murmure, tarin ya tafi, har ya fara bin kajina.

Lokacin Buji na biyu ya zo da farkon damina. Ranar da Madan ta duba ta ce yau ne, Kawu da hannunsa ya buɗe ƙyauren ɗakin girkin ya sa Tsoho, ya zura takalmi ya fita, bai dawo ba sai magariba. Bayan wata biyu ta zuba huɗu lafiya lau, biyu maza biyu mata. Tsoho ya mutu idonsu bai buɗe ba. Kawu ya haƙa masa rami a bayan gari, yana haƙa yana mita, wai ko godiya bai tsaya yi ba.

Da aka yaye su, Gumar ya aiko da saƙo ta bakin wata mai sayar da cuku: a bar uwar, a aiko masa da mace guda cikin 'ya'yan, ya yafe. Da gudu na kai wa Kawu, don na san yadda gidan zai koma in babu ita. Sai ya ce, "Shekara guda mutumin ga ba shi da kare. Dila ta gama mishi ɗiyan awaki. Kwikwiya za ta kore mishi dila?"

"Kawu, ai shi yac ce ya yahe."

"Shi ya yahe. Ni ban roƙa ba. Ki shirya, uwa da ɗiya mace guda."

A motar Tebaram aka sa mu gaba don girman Kawu, Buji tsakanin ƙafafunsa, kwikwiya cikin kwali bisa cinyata. Tun ba mu fita gari ba ya fara da direba. "Sa ta biyu! Ba ka ganin rairai? Ka kashe ambiriyaj! Wa yab ba ka parmin tuƙi?" Ya nuna masa ramin da babu shi, ya hana shi hanyar da kowa ke bi, wai a zamaninsa ba nan take ba. Sau biyu direban yana tsayawa ya ce ko tsoho ya yi shiru ko ya sauka, ni ina ba da haƙuri, mutanen baya suna dariya.

A zangon Gumar bai yarda ya zauna shan shayi ba. Ya miƙa igiya, ya tsaya yana jero masa: ba ta cin tuwo da zafi, tana tsoron tsawa, in ta yi laifi ba a dukanta, magana ake yi mata. Gumar yana cewa to, to, idonsa a ƙasa. Aka ɗaure ta jikin bukka muka juya. Ta fara kuka tana fizgar igiya, muna jin ta har muka hau tudu. Kawu bai waiwaya ba, sauri ma ya ƙara, ni da ban kai shekarunsa ba ina haki a bayansa.

Motar nan dai muka samu a komowa, direban na ganinmu ya dafe kai. Ya tashi mota da fizga, ya faɗa kowane rami da ke tsakanin Tebaram da Tawa, a wani hawa har injin ya mutu masa. Kawu yana zaune, hannuwa bisa gwiwa, yana kallon hanya. Bai ce komai ba, ko sau ɗaya. Da muka sauka a tasha direban ya ja ni gefe, ya rage murya ya ce, "Hajiya, tsohon ga lahiya? Ku kai shi likita." Na ce masa lafiya lau. Me zan ce masa?

Bai cika shekara ba bayan wannan. Ranar da Mai shi Ya aiko a karɓe shi, ni ban iya abin da ya iya ba. Da aka zo fita da shi na riƙe gefen makara, sai da mata suka ɓamɓare hannuna. Allah Ya jiƙan Kawu Illa, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya karɓe shi yadda ake karɓar amanar da aka mayar cikakkiya. Amin.